Fam Goma a Wata: Darasi Daga Tarihin Kamfanin Demon Internet

'Yan uwa ɗalibai, mafi yawanmu in aka ce intanet, abin da ke faɗo mana a rai shi ne kamfanin layin waya. Ka sayi data, ta ƙare, ka sake saye. To amma ba da manyan kamfanonin tarho harkar ta fara ba. A ƙasashe da dama ƙananan kamfanoni masu zaman kansu ne suka fara kai intanet gidajen talakawa, lokacin da manyan ke ganin abin na jami'o'i ne da ma'aikatu. Darasinmu na wannan fitowa a kan ɗaya daga cikinsu yake, wato Demon Internet na ƙasar Birtaniya. Za mu ga yadda aka kafa shi, me yake sayarwa, da yadda ya rasa 'yancinsa.

Mene ne aikin irin wannan kamfani?

A ajin kwamfuta ISP ake ce masa, wato kamfanin da ke haɗa mutane da intanet. Sana'arsa kamar ta ɗan sari ce. Yakan yi hayar babban layi mai tsada wanda mutum ɗaya ba zai iya biya ba, sai ya rarraba wa jama'a kowa ya biya kaɗan. Sirrin ribar shi ne ba dukkan masu rajista ke hawa a lokaci guda ba. Wani yana barci, wani yana wurin aiki, saboda haka layi ɗaya yakan ishi mutane da yawa. In kamfani ya yi haɗama ya cusa mutane fiye da ƙima, sai intanet ta riƙa jan ƙafa da yamma lokacin da kowa ya dawo gida. In aka ce kamfani mai zaman kansa ne kuwa, ana nufin ba reshen wani babban kamfanin tarho ba ne, masu shi ne ke yanke farashi da tsarin hidima.

Yadda aka fara

A farkon shekarun 1990 intanet a Birtaniya tana hannun jami'o'i ne da kamfanoni masu kuɗi. Wani mai kamfanin rubuta manhajoji a arewacin Landan, Cliff Stanford, ya yi wa masu sha'awar kwamfuta tayi: in aka samu mutum 200 da za su biya kuɗin shekara guda tun kafin a fara, zai buɗe musu hanyar shiga intanet daga gida a kan fam 10 a wata, ban da haraji. Kamfanin nasa sunansa Demon Systems, daga nan sunan ya samo asali. An samu mutanen, aka buɗe hidimar ranar 1 ga Yuni, 1992.

Ku yi lissafin da kanku. Fam 10 sau 12 fam 120 ke nan, sau mutum 200 ya kama fam 24,000. Ka ga ke nan masu saye ne suka haɗa jarin, kamar adashi, kuma kamfanin ya san yana da kasuwa tun kafin ya sayi kayan aiki.

Me ake samu da fam goman?

Na farko, hanyar shiga. A lokacin ta layin tarhon gida ake bi. Akwai wata 'yar na'ura da ake kira modem, ita ke mayar da bayanan kwamfuta su zama ƙara, ta kira lambar kamfani, modem ɗin can ya amsa. Muddin kana kan intanet, ba mai iya kiran gidanku. Saurin modem mai kyau a wancan zamani bai wuce bit 14,400 a daƙiƙa ba. Waƙa ɗaya mai nauyin megabait 5, wadda yau kake saukewa kafin ka ƙifta ido, za ta ci kusan minti 46. Ga kuma kuɗin kira da kamfanin tarho ke caja daban. Shi ya sa Demon ya yi ƙoƙarin samar da lambobi a yankuna daban-daban, don mutum ya biya kuɗin kiran cikin gari maimakon na nesa.

Na biyu, kuma a nan ya sha bamban da yawancin takwarorinsa, kowane mai rajista yana da adireshin IP nasa na dindindin, da suna nasa a ƙarƙashin demon.co.uk. Misali in ka zaɓi sunan gidanmu, kwamfutarka ta zama gidanmu.demon.co.uk. Duk abin da aka rubuta kafin alamar @ zai iso gare ka, don haka mai gida da uwargida da yara kowa na iya samun adireshin imel nasa ba tare da ƙarin ko sisi ba. Ma'anar wannan ita ce kwamfutarka cikakkiyar mamba ce a intanet, tana da gurbinta da za a same ta. Mutane da yawa da suka zama injiniyoyin sadarwa a Birtaniya a kan irin wannan layi suka koyi aiki, suna gwaji suna ɓatawa suna gyarawa.

Na uku, akwai zaurukan labarai na Usenet, da manhajar karanta wasiƙu mai suna Turnpike, sannan daga baya aka ba kowa fili ya ɗora shafinsa.

Haɗa kai da abokan gasa

Ga wata matsala da ta taso. A farkon lamarin, saƙon da aka aika daga wani kamfani zuwa wani a cikin Birtaniya yakan iya tsallaka teku zuwa Amurka sannan ya dawo, domin kamfanonin ba su haɗe da juna kai tsaye ba. Layin ƙetare kuwa tsada gare shi. A 1994 Demon da wasu huɗu, wato PIPEX da BT da EUnet da hukumar da ke kula da layin jami'o'i, suka kafa mahaɗar LINX a ginin Telehouse da ke Landan. Kowa ya jawo wayarsa zuwa wuri guda, suna musayar bayanai kai tsaye. Kuɗi ya ragu, sauri ya ƙaru. Wannan dabarar ce aka bi a Najeriya da aka kafa IXPN a 2006, don bayanan cikin gida su daina zagayawa ta Turai. In wannan ya fito muku a jarrabawa, ku tuna dalilin biyu ne, rage kuɗi da rage jinkiri.

Shari'ar da ta zama abin karatu

A watan Janairun 1997 wani ya wallafa saƙo na ɓatanci a Usenet da sunan wani malamin kimiyya, Laurence Godfrey, alhali ba shi ya rubuta ba. Godfrey ya sanar da Demon, ya nemi a cire saƙon daga kwamfutocin kamfanin. Ba a cire ba, aka bar shi har wa'adinsa ya cika. Sai ya kai ƙara. Kamfanin ya ce shi mai isar da saƙo ne kawai, kamar gidan waya. A 1999 kotu ta ce a'a, tunda an sanar da kai kuma ka ƙyale, ba za ka fake da rashin sani ba. A 2000 aka sasanta, Demon ya biya diyyar fam 15,000, ga kuɗin shari'a da ya ninka wannan sau da yawa. Tun daga nan kamfanoni a Birtaniya suka ɗauki takardar ƙorafi da muhimmanci. Ɗalibin da ke burin buɗe irin wannan sana'a ya lura, ba waya da na'ura kaɗai ba ne, akwai doka a ciki.

Yadda 'yancin ya tafi

A 1998 Demon yana da masu rajista kimanin 180,000. A shekarar aka sayar da shi ga Scottish Telecom a kan fam miliyan 66. Daga jarin mutum 200 zuwa wannan a cikin shekara shida, ai ba ƙaramin abu ba ne. To amma kasuwar ta riga ta fara juyawa. A watan Satumba na wannan shekarar Freeserve ya fito, ba ya karɓar kuɗin wata ko kaɗan, yana cin rabonsa ne daga kuɗin kiran tarho. Wa zai biya fam goma alhali ga na kyauta? Bayan haka layin ADSL mai sauri ya iso wajen shekarar 2000, shi kuma yana bin wayoyin da ke hannun BT ne, kuma gasar ta koma ta masu manyan jari da tallace-tallace.

Daga nan sai Demon ya riƙa sauya hannu. Scottish Telecom ya koma suna Thus, Cable & Wireless ya saye shi a 2008, Vodafone kuma ya sayi wannan ɓangaren a 2012. A 2019 aka rufe hidimar Demon. Daga baya adiresoshin demon.co.uk suka daina aiki, mutanen da suka shafe sama da shekara ashirin da adireshi ɗaya suka shiga neman sabo, suna bin banki da 'yan uwa da abokan ciniki suna sanar da su.

Abin da za mu riƙe

Na ɗaya, ƙaramin kamfani yana shiga ne ta inda manya suka raina. Demon ya ga mutanen gida da ba wanda ya kula da su. A wajenmu ma akwai unguwanni da makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai da sabis bai wadace su ba. Sai dai fa a Najeriya sayar wa jama'a intanet yana buƙatar lasisi daga hukumar NCC, kada wani ya ja waya daga ɗakinsa ya ce ya buɗe kamfani.

Na biyu, in za ka auna kamfani kada ka tsaya a kan saurin da aka rubuta a talla. Tambayi mutum nawa ke raba layin, ko ana ba da adireshin IP na dindindin, ko kamfanin yana haɗe da mahaɗar cikin gida, kuma wa zai ɗauki waya in abu ya lalace.

Na uku, adireshin da ke ɗauke da sunan wani kamfani aro ne. Haka imel ɗin makaranta da kuke amfani da shi yanzu. Duk wanda zai fara sana'a bayan kammala diploma, ya yi rajistar suna nasa, kamar wanda ke ƙarewa da .ng, ya riƙa sabunta shi duk shekara. In kamfanin da ke ba shi intanet ya rufe ko an sayar da shi, sai ya ɗauki sunansa ya koma wani.