Kafin Ka Ɗauko Talabijin Mai 4K Zuwa Matamaye: Abin Yi da Abin Bari

Talabijin ba ya ƙirƙirar hoto, abin da aka ba shi yake nunawa. Lambar 4K da ke jikin kwali tana faɗa maka abin da gilashin zai iya ɗauka ne kawai, ba ta yi maka alkawarin abin da zai shigo gidanka ba. Don haka maigidan da ya sayar da gyaɗarsa ko rakensa, ya ɗaura niyyar kasuwar Dole ta Damagaram ko Sabon Garin Kano, ya zauna tukuna. Ba rarrashi zan yi ba.

Kada ka yarda da hoton da ka gani a shago.

Tsuntsun nan mai launi bakwai da ruwan da ke gangarowa daga dutse, an ɗauke su musamman don talla, kuma a cikin akwatin suke ko a kilen USB. An ƙure hasken gilashin, kai kuma kana tsaye taku biyu daga gabansa. Ranar da ka kai shi gida kun rabu da wannan hoton ke nan. Ka tafi da kilenka mai ɗauke da abin da iyalinka suka saba kallo: kashi ɗaya na Labarina da aka tura maka a shagon turi, wa'azi, fassarar Algaita. Ka ce a sa maka, ka ja da baya daidai inda tabarmarka za ta kasance. Mai shagon da ya ƙi, cinikin biri a sama yake so ku yi. Ka yi masa sallama.

Ka san lissafin ɗigo, ba shi da wuya.

Kowane hoto a fuskar talabijin tarin ɗigon haske ne. Tsohon hoton da muka taso da shi, wanda ake kira SD, ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, wato dubu 414 da ɗoriya. Na HD yana kusa da miliyan ɗaya. Full HD, 1920 sau 1080, ya ɗan haura miliyan 2. Shi kuwa 4K, 3840 sau 2160, miliyan 8.3 ne. Wannan shi ne duk sirrin da mai shago ke yi maka kwarjini da shi.

Ka tambayi kanka daga ina hoton zai fito.

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa. Me ake kallo a gidajen Matamaye da Kance da Magarya? Télé Sahel, musamman lokacin gasar kokowa ta Takobi, idan Issaka Issaka ya shigo fili kowa ya bar abin da yake yi. Sai Tal TV, Dounia, Ténéré, sai Arewa24 da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sai tashoshin wa'azi, sai ƙwallo ga mai biyan abonma. A cikin tashoshinmu na gida babu wadda ke watsa 4K. Dekodar da aka fi samu a gidajenmu iyakarta Full HD, da yawa daga tashoshin kyauta na farabol kuma har yau SD suke zuwa.

To idan hoton SD ya shiga gilashin 4K, ɗigo ɗaya na gaskiya sai ya cike gurbin ashirin. Sauran goma sha tara ɗin ƙwaƙwalwar talabijin ce ke cankarsu. Tsofaffin finafinan marigayi Ibro da aka yi zamanin faifan VCD, masu ɗigo 352 sau 288, ɗaya zai cike gurbin sama da tamanin. Kamar mai fura ce ta ga baƙi sun yi yawa ta ƙara ruwa: ƙwarya ta cika, amma dawon nan dai shi ne. Akwatin kirki yana iya canka da kyau, ya gyara gefe-gefen hoto. Mai araha kuwa sai fuskar ɗan wasa ta fito kamar an shafe ta da mai, kuma yadda gilashin ya ƙara girma haka aibin ke ƙara fitowa fili. Fim ɗin da aka matse don ya shiga waya, ko bidiyon bikin da ya bi ta WhatsApp sau uku, ya fi kyan gani a inci 32 fiye da a inci 55. Wannan ba camfi ba ne.

Kada ka haɗa dekoda da wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari.

Abin takaici ne a shiga falo a tarar da ƙaton talabijin na zamani an jona shi da wannan waya. Rawayar ba ta iya ɗaukar abin da ya wuce SD, ko wace irin tasha ce. Ka sayi wayar HDMI, ka shiga saitin dekoda ka sa ta a 1080. Mutane da yawa da ke shirin canja akwati, wannan gyaran na ƴan kuɗi kaɗan shi ne maganinsu. Kuma kada a sayar maka da HDMI mai tsada wai bakinta zinariya ne. A tsawon mita ɗaya ko biyu, wadda ta yi aiki ta yi aiki, hoton ɗaya ne.

Ka ari tef ɗin tela ka auna ɗakinka.

Ido yana da iyaka. Bisa tsohon lissafin masu gwajin ido, mai lafiyar gani yana daina rarrabe ɗigon Full HD idan ya yi nisan da ya kai tsawon gilashin daga kusurwa zuwa kusurwa sau ɗaya da rabi da ɗan ƙari. Inci 43 santimita 109 ne, don haka da ka wuce mita 1.7 amfanin 4K ya fara ɓacewa. Inci 55, mita 2.2. Inci 65, mita 2.6. A 2025 masana a Jami'ar Cambridge ta Ingila tare da kamfanin Meta sun fitar da binciken da ya nuna ido ya fi yadda ake zato kaifi, amma su ma sun ce a tazarar mita 2.5, akwati mai inci 44 na 4K ko 8K bai fi na QHD mai ɗigo miliyan 3.7 da komai ba.

Yanzu ka tuna yadda ake kallo a garinmu. Da bazara ta kama, ɗaki ya zama tanda, ana fito da akwatin tsakar gida a ɗora kan tebur. Yara a gaba, mata a kan tabarma, maigida can baya a kujerarsa, ƴaƴan maƙwabta a bakin zaure. Mita huɗu, mita biyar. Daga can babu idon da zai bambance 4K da HD, ko na shaho ne. Abin da mai zama nesa ke buƙata shi ne girman gilashi, da hasken da ba ya dushewa idan an kalle shi ta gefe, da sauti mai ƙarfi. Ka gwada waɗannan ukun a shago: ka koma gefe ka leƙa, ka ƙure murya ka ji ko tana karkarwa.

Kada ka ce ai za ka riƙa kallo ta intanet sai ka yi lissafin forfe, wato kuɗin data.

YouTube na neman gudun megabit 20 a daƙiƙa don 4K, alhali 5 sun isa Full HD. Netflix da bakinsa ya ce awa ɗaya ta 4K na iya cin giga 7. Fim ɗin Indiya ɗaya mai awa uku, giga 21. Je ka tambayi kuɗin wannan a Airtel ko Moov ko Zamani, sannan ka tambayi kanka ko rezon unguwarku zai riƙe wannan gudun da ƙarfe tara na dare, lokacin da kowa ke kan waya. Idan bai riƙe ba, manhajar da kanta za ta sauko da hoton ƙasa ba tare da ta nemi izininka ba, kana zaune kana kallon 480 a gilashin miliyan takwas. Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, gaskiya ne, kuma wanda ke da shi maganarsa daban. Gida nawa ne?

Ka sayi regilatar mai daidaita wuta kafin ka sayi talabijin.

Kafin, ba bayan ba. Wutar yankin Damagaram da Maraɗi ta daɗe tana dogaro da layin da ke tasowa daga Katsina ya bi ta Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Nijeriya ta katse shi a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Ɗaukewar kuran ba ita ke kashe akwati ba, dawowarsa da ƙarfi ne, da kuma hawa da saukar da yake yi da zafi ya tsananta. Idan an ɗauke, ka zare fulogi. Idan hadari ya haɗo da damina, ka zare fulogi, ka kuma kwance wayar farabol daga bayan dekoda, don tsawa ta nan ma take shigowa. Mai kunna gurub kuma kada ya jona akwati sai injin ya daidaita.

Idan da sola kake, ka juya akwatin ka karanta takardar bayansa.

A nan aka rubuta wat nawa yake ci. Ɗauki batir mai bolt 12, amfiya 100. Wat 1,200 ke cikinsa na awa ɗaya, amma idan irin na darma ne rabi kawai za ka taɓa, in kana so ya yi ƙarko. Akwati mai inci 32 da ke cin wat 40, haɗe da dekoda, zai kai ka wajen awa goma. Mai inci 55 da ke cin 120, awa huɗu ya gama da kai, ba a ma kunna fanka ba. Akwai ƙananan talabijin da ke aiki da bolt 12 kai tsaye daga batir, kuma ga gidan ƙauye da NIGELEC ba ta kai ba, su ne na saye.

Kada ka sayi suna, ka sayi akwati.

Manna tambarin Samsung ko LG a goshin gilashin da ba nasu ba abu ne mai sauƙi, kuma ana yi. Lambar da ke jikin kwali, da ta takardar baya, da wadda ke cikin saitin akwatin, dole su zama ɗaya. Idan farashin ya faɗi ƙasa warwas da na sauran shaguna, ba sonka ake yi ba. Ka lura da wayon rubutu: wani kwalin cewa yake akwatin yana karɓar 4K, ma'ana zai buɗe bidiyon amma ya nuna shi a gilashin HD. Inci 32 da aka rubuta wa 4K a kasuwarmu, ka ɗauke shi ƙarya har sai an tabbatar maka. Haka tambarin HDR: kusan kowane kwali na da shi, amma sai gilashi mai haske sosai ke iya nuna shi, masu araha kuma ba su da wannan hasken. Hisense ko TCL na gaskiya mai Full HD ya fi jabun babban suna mai 4K nesa ba kusa ba.

Na hannu kuma a yi hattara. Wanda aka yi don kasuwar Amurka yana iya zama na bolt 120, mu kuwa 220 muke, kuma ba zai kama tashoshinmu da eriya ba. Ka duba ka ga DVB-T2 a rubuce, in da DVB-S2 ma ya fi.

Kada ka ko kalli 8K.

Ɗigo miliyan 33 ne. Tashar NHK ta Japan ta fara watsa shi a Disambar 2018, kuma har yau ko a Turai da wuya mai shi ya sami abin kallo.

Kada ka kwantar da shi a mota.

Daga Kano ta Daura da Kongolam da Ɗan Barto, ko daga Damagaram ta Takieta, a tsaye zai zo cikin kwalinsa, kuma kada ɗan kamasho ya ɗora masa buhu. Gilashin da ya tsage, kuɗin canjinsa ya kusa na sabo, in ma an samu. A gida ka bar masa sarari a baya ya sha iska. Da hunturu ka rufe shi da zane idan an kashe, ka cire idan an kunna. Kada a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da omo. Ka fitar da shi daga saitin shago, ka rage hasken baya zuwa rabi ko sama kaɗan, domin ƙananan fitilun da ke bayan gilashi su ne ke fara mutuwa, sai ka ji murya babu hoto. Tambayi kowane mai gyara.

Kada ka ci bashi don gasar falo.

Da kai nake, ango. Ƴan ganin ɗaki za su yaba girman akwatin rana ɗaya su tafi, babu wadda za ta ƙirga ɗigo. Amarya kuwa za ta fi gode maka da fanka da batirin da zai kai ta asuba.

Ka sayi 4K idan ka cika waɗannan sharuɗɗan.

Ba haramun ba ne. Wanda zai ɗauki inci 55 ko 65, kujerarsa ba ta wuce mita biyu zuwa biyu da rabi ba, yana da intanet mai ƙarfi ko PlayStation 5, wutarsa kuma a tsare take, zai ga bambanci, kuma bambancin mai daɗi ne. Daga inci 50 zuwa sama ma kusan duk abin da kamfanoni ke ƙerawa yanzu 4K ne, ko ka so ko ka ƙi, don haka kada wani ya ƙara maka ko dala a kan wannan lambar. Daga inci 43 zuwa ƙasa, Full HD ya ishe ka. A inci 32, HD ma ba laifi.

Ko wanne ka zaɓa, a buɗe kwalin a gabanka, a kunna shi, a sa farin hoto da baƙi ka duba ko akwai tabo ko layi. A rubuta maka rasit mai lambar akwatin da tsawon garanti, da sunan wanda zai karɓe shi idan ya lalace. Garantin shagon Kano sai ka sake tsallaka iyaka da akwatin a tsaye kafin ya yi maka aiki, don haka ka sa kuɗin motar zuwa da dawowa a cikin farashin kafin ka ce ya fi na Damagaram sauƙi.