Ƙananan Garkunan Taurari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Binuwai a Jimeta ya hangi mai wanki daga nesa, ya san ana ganin saukar tufa bisa dutse kafin a ji ƙararta. Da wannan misali nakan fara wa almajiraina darasin taurari, don shi ma haske tafiya yake yi, sai dai yana cin mil 186,000 a daƙiƙa. Hasken rana yakan yi minti 8 a hanya. Ashe wanda ya dubi abu mai nisa, yadda yake a dā yake gani.

Taurari kuwa garke-garke suke, kamar shanun Fulani. Garken da ranarmu take ciki, haske sai ya yi shekara 100,000 kafin ya ratsa shi. Masana sun ƙiyasta shekarun halitta sun kai miliyan 13,800. To, yaya garkuna suke tun suna maruƙa?

Don neman amsar ne aka harba madubin hangen nesa mai suna James Webb a Disamba 2021. Faɗinsa ƙafa 21, yana can wajen mil miliyan 1 daga ƙasa. Hasken da ya daɗe a hanya yakan miƙe, ya yi ja, har ya fi ƙarfin ido. Irin wannan shi madubin yake kamawa. A 2024 ya hango wani garke, JADES-GS-z14-0 (masana ba su iya raɗin suna ba), tun halitta tana da shekara miliyan 290 kacal. Faɗinsa tafiyar haske ta shekara 1,600 ce, amma yana ta haihuwar taurari ba sassauci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a 2025 an gano iskar oksijin a cikinsa. Ita kuwa a cikin taurari ake ƙera ta, watau tun lokacin wasu sun riga sun rayu sun mutu.

Malamin da yara suka ce ya nuna musu, kada ya ce ba hali. Akwai wani ƙaramin garke maƙwabcinmu, Babban Girgijen Magellan, wanda har yanzu yake haihuwa. Daga Yola yakan leƙo ƙasa-ƙasa ta kudu sosai, wajen ƙarfe 10 na dare a tsakiyar Janairu. Sai a fita bayan gari inda ba fitila, a daren da ba wata, a kuma yi fatan hazo ya ɗaga.