Darasin Kiwon Lafiya: Maganin Ƙarfin Maza na Kasuwa

Darasinmu na wannan wata na magidanta ne.

Ranar kasuwa a Damari ko Sabuwa ko Faskari, za ka ji mai magani da lasifika yana tallar maganin ƙarfin maza. Wani gari ne, wani tsimi ne a gora, wani kuma an haɗa shi da zuma. Maza da yawa suna saye a ɓoye saboda kunya.

To, me ke kawo raunin gaba?

Gaban namiji yana miƙewa ne idan jini ya cika jijiyoyinsa. Waɗannan jijiyoyi ƙanana ne, saurin toshewa gare su. Ciwon suga da hawan jini da shan taba suna lalata su. Yawan tunani da gajiya da shan ƙwaya irin su tiramol su ma suna rage ƙarfi. Saboda haka raunin gaba yakan zama alamar wani ciwo da ke ɓoye a jiki, har da ciwon zuciya.

Ina haɗarin maganin kasuwa?

A shekarar 1998 aka fara sayar da ƙwayar Viagra a Amurka. Tun daga nan masu bincike sun sha gano sinadarinta a ɓoye cikin magungunan da ake cewa na itatuwa ne zalla. Mai saye bai san yawan abin da ya sha ba. Idan yana shan wani maganin ciwon zuciya, jininsa zai iya sauka ƙwarai, har ya faɗi.

Abin da za ka yi:

1. Je asibitin da ke kusa, ko babban asibitin Funtuwa ko na Ƙanƙara. A auna jininka, a gwada suga.
2. Faɗa wa likita gaskiya. Ba a jin kunyar likita.
3. Daina shan taba.
4. Kada ka sha maganin da ba shi da lambar hukumar NAFDAC.
5. Idan gaba ya miƙe har awa 4 bai kwanta ba, garzaya asibiti nan take.

Dabino da aya da gyaɗa da zogale abinci ne mai gina jiki. Ka ci abinka, amma ba za su maye gurbin gwajin asibiti ba.

Tambayoyi:

1. Faɗi cututtuka 2 da ke kawo raunin gaba.
2. Gwaji nawa za ka nema a asibiti?

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.