Amsoshin Tambayoyinku: Wane Binciken Halayyar Ɗan Adam Za A Yarda Da Shi?

Wata mai sauraronmu daga Maraɗi ta aiko tana tambaya: yaya ake gane sahihin binciken halayyar ɗan Adam?

To Malama, a fara duba ko wasu masana sun maimaita binciken sun samu abin da aka samu da farko. A 2015, ayarin masana ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek na Jami'ar Virginia a Amurka suka sake gwada bincike 100 da manyan mujallu suka wallafa. Kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka tabbata, abin da ya girgiza fannin.

Sannan a tambaya: mutum nawa aka gwada, kuma su wane ne? Galibi ɗaliban jami'o'in Amurka da Turai ne, shi ya sa nake jan hankali kada a ɗora sakamakonsu kai tsaye a kan manomin Maraɗi.