SHAƘUWAR JARIRI DA MAI RAINONSA: TUSHEN NATSUWAR ZUCIYA

  

'Yar uwa, na san kin sha jin ana cewa, "Ajiye shi ya yi kukansa, kar ki saba masa da hannu." Wataƙila ma ke kanki kin taɓa faɗa wa wata haka. A kan wannan magana darasinmu na wannan fitowa zai tsaya. Abin da muke son ki fahimta shi ne, jariri yana buƙatar aƙalla mutum guda tsayayye wanda in ya yi kuka zai amsa masa. Wannan shaƙuwa ita ce harsashin da natsuwar zuciyarsa za ta zauna a kai har girmansa.

MENE NE SHAƘUWA?

Jariri ba shi da baki sai kuka. In yunwa ta kama shi, ko ya ji sanyi, ko ya tsorata, jikinsa kan fitar da wani sinadarin tashin hankali da likitoci ke kira kotisol, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri. Shi kaɗai ba zai iya kwantar wa kansa da hankali ba. Sai kin ɗauke shi, ya ji ɗumin jikinki da muryarki, sannan jikinsa ya lafa. In haka ta yi ta faruwa safe da yamma, wata da watanni, sai ƙwaƙwalwarsa ta riƙe darasi biyu: damuwa tana wucewa, kuma akwai wanda zan kira ya zo. Daga nan ne yaro ke koyon haƙuri da yarda da mutane.

Shi ya sa daga wata 6 zuwa 9 za ki ga ya fara ƙiwa, baƙo ya miƙo hannu ya noƙe, kin fita tsakar gida ya bi ki da kuka. Wannan ba rashin tarbiyya ba ne, alama ce ta cewa ya gane nasa.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila mai suna John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 a kan yaran da suka tashi babu gida babu uwa. Ya nuna cewa ci da sha kaɗai ba su wadatar da yaro, sai da kulawa mai ɗorewa daga wanda ya saba da shi.

Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth a nan Afirka ta fara gwada wannan magana. Tsakanin 1954 da 1955 ta riƙa shiga gidaje 26 a ƙauyukan da ke kusa da Kampala ta ƙasar Uganda, tana zama tana kallon iyaye mata da goyonsu. Ta lura cewa jariran da iyayensu suka fi gane buƙatunsu sun fi ƙarancin kuka, sun kuma fi sakewa su rarrafa su yi wasa, su waiwayo su ga uwa tana nan, su ci gaba. Daga baya a Amurka ta sake lura cewa jariran da ake saurin amsa kukansu a watannin farko, kukansu kan ragu kafin su cika shekara. Kin ga ke nan ɗauka ba ta sangarta jariri.

Misali mai ban tausayi kuwa daga ƙasar Romaniya ya zo. Da gwamnatin Ceausescu ta faɗi a 1989, sai aka tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen marayu na gwamnati, ma'aikaciya ɗaya a kan jarirai da yawa, ba ɗauka ba lallashi. Wasu sun daina kuka sam, don sun gane ba mai zuwa. A wani bincike da aka fara a birnin Bukares wajen shekarar 2000 da yara 136, an mai da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka mayar kafin su cika shekara 2 su ne suka fi farfaɗowa wajen shaƙuwa da fahimta.

Kada ki ce wannan zancen Turawa ne. An yi irin wannan nazari a gidajen Hausawa a Arewacin Nijeriya, wanda Robert Marvin da abokan aikinsa suka wallafa a 1977. Sun tarar cewa jaririn Bahaushe hannuwa da yawa ke rainonsa, kuma yakan shaƙu da mutum fiye da ɗaya, amma galibi akwai guda da yake nufa in ya tsorata, wato wadda ta fi ɗaukarsa da kula shi. Ashe yawan hannu ba matsala ba ne, muddin hannuwan ba sa canjawa kullum.

KOYARWAR ADDININMU

Tun kafin duk waɗannan, Manzon Allah (SAW) ya nuna mana hanya. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, in ya ji kukan yaro sai ya taƙaita, don kada ya ƙuntata wa uwar. Ya tabbata kuma ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Nana Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Da Aƙra'u bin Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi (SAW) ya sanar da shi cewa rashin jin ƙai yana hana mutum samun jin ƙai. Aya ta 233 a Suratul Baƙara kuwa ta sanya cikar shayarwa shekara 2, wanda ya yi daidai da lokacin da shaƙuwa ke kafuwa. To 'yar uwa, in kukan yaro ya isa a taƙaita sallar jam'i saboda shi, ina ga wanke-wanke ko hirar waya?

WURARE HUƊU DA YA KAMATA MU GYARA

1. Kunyar ɗan fari. Alkunya ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Amma ki tuna a da, in uwa ta kau da kai daga ɗan farinta, kaka ko goggo tana nan cikin gida ta rungume shi. Yau amarya tana zaune a gidan haya daga ita sai mijinta. In ta ce za ta yi kunya, wa zai yi wa yaron wasa? Ki sakaya sunansa a gaban surukai in kina so, amma a ɗaki ki kalle shi ido cikin ido, ki yi masa murmushi, ki amsa gwarancinsa.

2. Yaye. Da yawanmu rana ɗaya muke shafa wa nono abu mai ɗaci, a kwashi yaro a kai shi wani gari wurin kakar da bai saba da ita ba. Ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa gida, duk a yini guda. Sai ya dawo ya rame, ya yi shiru, a ce ai ya yi hankali. Ki riƙa rage shayarwar sannu a hankali cikin makonni. In dole sai an kai shi, to a kai shi wurin wadda ya sani, kuma ki riƙa leƙa shi.

3. 'Yar raino. 'Yar uwa ma'aikaciya ko ɗaliba, fita neman halal ko ilimi ba laifi ba ne, kada ki zargi kanki. Abin lura shi ne kada a riƙa canja masa mai raino kowane wata, kuma kada a damƙa jariri ga yarinya ƙarama wadda ita ma raino take buƙata. Ki zaɓi mai tausayi, ki kyautata mata don ta zauna. In za ki fita ki yi masa sallama, kar ki sulale. In kin dawo, ki fara da shi kafin tukunya.

4. Mutuwar aure. Allah Ya kiyaye, amma in ta faru, kada a mai da yaro makamin ramuwa. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗanta matuƙar ba ta yi wani aure ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, bayan uwa kuma sai kaka ta wajen uwa. Fizge ɗanyen goyo daga uwarsa don a ƙuntata mata, yaron ake cuta. Ke kuma da aka kawo wa ɗan kishiya ko maraya, ki sani Allah Ya ba ki damar zama wannan mutum guda da zuciyarsa ke nema.

IN AN RIGA AN YI KUSKURE FA?

Kada ki yanke ƙauna. Shaƙuwa ba ita kaɗai ke gina hali ba, akwai ɗabi'ar da aka haifi yaro da ita, akwai kuma abin da zai tarar a gaba. Ba a kuma ce sai kin zama marar kuskure ba. Kin daka masa tsawa cikin fushi? Ki dawo ki jawo shi jiki ki lallashe shi, wannan dawowar ita ma darasi ce gare shi. Annabi (SAW) kansa ya rasa mahaifiyarsa yana ɗan shekara 6, amma Allah Ya kewaye shi da masu ƙauna: Ummu Aimana, da kakansa Abdul Muɗɗalib, da baffansa Abu Ɗalib da matarsa Fatima bint Asad.

Sannan ki kula da kanki, don sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. In bayan haihuwa kin ji baƙin ciki ya ƙi wucewa sama da mako 2, ba kya son ɗaukar jaririn, ba kya iya barci ko da ya yi barci, wannan larura ce da ake magani, ba raunin imani ba ne. Ki gaya wa maigida, ki je asibiti. Shi ma maigidan ki riƙa miƙa masa yaron ya ɗauka, domin uba ma abin shaƙuwa ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma kafin a tanƙwara sai an ba shi ruwa ya kama ƙasa. Horo yana da lokacinsa, in yaro ya fara wayo. Shekarun farko kuwa na goyo ne da lallashi.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya sanya su zama sanyin idanunmu, Ya ba mu ikon sauke amanarsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.