Ba Kowane Ciwon Kai Ne Maleriya Ba

Daga Maris zuwa Mayu, zafi a garuruwa irin su Kano, Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40 da rana tsaka. A irin wannan lokaci ne za ka ji ɗalibi yana cewa maleriya ta kama shi, ga ciwon kai, ga kasala, ga jiri in ya miƙe. Sai ya nufi kemis. Ni dai abin da na lura da shi a hostal shi ne, da yawanmu ba sauro ne ya kayar da mu ba, ruwan jikinmu ne ya yi ƙasa.

Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne, kuma da gumi jiki yake sanyaya kansa. Wanda yake aiki a wokshop ko yake buga ƙwallo da rana zai iya zubar da lita guda cikin awa ɗaya. Idan mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, natsuwa da ƙarfin jiki sun fara raguwa ke nan. Mu yi lissafi: mai nauyin kilo 60, kashi 2 ɗinsa lita 1.2 ne, wato fiya wata biyu da ɗan ɗori, tunda leda ɗaya rabin lita ce. Ka ga ba wani abu mai yawa ba ne, amma ya isa ya sa ka karanta shafi ɗaya sau uku ba ka riƙe komai ba.

Matsalar ita ce ƙishirwa ba ta zuwa da wuri, musamman in hankali ya tafi ga lakca ko firojet. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne fitsari. In fari-fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, lafiya lau. In ya yi duhu kamar shayi, ga wari, ga shi ɗan kaɗan, jiki ne yake ƙoƙarin tattalin abin da ya rage. Wanda ya yini tun safe har la'asar bai zaga ba, kada ya ɗauka jarumta ce. Sai dai mai shan ƙwayar bitamin B ya sani tana sa fitsari ya yi rawaya sosai ko da ruwa ya wadata.

A nan akwai maganar da ba a cika yi ba. Wasu, musamman 'yan uwa mata, da gangan suke ƙin shan ruwa don gudun shiga banɗakin da ba shi da tsafta ko ba ruwa. Na fahimci dalilin, wallahi. Amma ƙoda ce take biyan bashin, domin ƙarancin ruwa yana ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda da ciwon mafitsara. Wannan magana ce da ta cancanci ƙungiyarmu ta ɗauka da muhimmanci kamar yadda take ɗaukar batun wuta. Haka kuma haɗiyar ibuprofen ko diclofenac alhali jiki ya bushe yana wahalar da ƙoda. In kanka ya fara sarawa da rana, sha ruwa, ka zauna a inuwa rabin awa tukuna. In akwai zazzaɓi, je a yi maka gwaji, kada ka yanke wa kanka hukunci.

Rigakafin ba tsada. Riƙe gora a jaka, ka riƙa kurɓa a-kai-a-kai, ba wai ka jira dare ka ɗura lita biyu lokaci guda ba. Kankana, kokwamba, lemo, zoɓo da kunu duk suna taimakawa. Mai azumi ya raba ruwansa tsakanin buɗe-baki da sahur, ya rage yawo a rana.

Idan gudawa ko amai suka shigo, ruwa zalla bai isa ba, domin gishirin jiki ma yana fita. A nemi ORS a kemis. In babu, a haɗa ruwa mai tsafta lita ɗaya, wato leda biyu, da sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. Kada a ƙara gishiri wai don ya fi aiki. A sha kaɗan-kaɗan, abin da ya kai awa 24 a zubar. Lemon kwalba ba ya maye gurbinsa, sukarinsa ya yi yawa, yana iya ƙara gudawar.

Wanda kuwa ya fara sambatu, ko jikinsa ya yi zafi rau, ko ya suma a rana, wannan ya wuce maganin hostal. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwan sanyi ana yi masa fifita, wani kuma ya ruga neman abin hawa zuwa asibiti. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe har a isa.