Yadda Ake Gano Cutar Kwamfuta 'Yar Goyo

A wasu ɗakunan kwamfuta na makarantu da ofisoshi za ka tarar da allo talatin ko arba'in, kowane da wani ɗan akwati da bai fi littafi girma ba liƙe a bayansa. Masu gyara na kiransa tin kilayan. Ni 'yar goyo nake ce mata, domin ba ta da abin kanta. Manhajoji da fayiloli da aikin lissafi duk suna cikin babbar kwamfuta guda, wato saba, wadda wasu ke kira uwar garke. 'Yar goyo aikinta ta aika abin da ka latsa, ta nuna hoton da aka maido mata. Shi ya sa idan ta ƙi aiki da wuya laifin ya zama nata, kuma wanda ya fara da ɗauko sukudireba ya bar jaki yana dukan taiki.

Kafin ka taɓa komai, ƙidaya marasa lafiya. Guda ɗaya ce ta tsaya? Matsalar tana kan teburin nan ko a wayarsa. Layi guda ne? Nemi suwic ɗin da wayoyinsu suka haɗu a kansa. Ɗakin ne gaba ɗaya? Wuce wurin saba kai tsaye. Sannan ka tambayi mai kula da ɗakin me ya canja daga jiya zuwa yau. Zai ce maka babu komai. Yi haƙuri ka sake tambaya, a karo na uku ne zai tuna an ɗauke wuta an tada janareta, ko wani malami ya jona rawutarsa.

Batun wutar nan yana ruɗa mutane. Idan wuta ta dawo, 'yan goyo kan tashi cikin daƙiƙoƙi, saba kuwa sai ta ɗauki mintuna. Su yi ta kira babu mai amsawa, su gaji su yi shiru. Maganin ba ya cin ko kwabo: kunna suwic, kunna saba, jira ta gama kintsawa, sannan ka kunna sauran.

Idan guda ce, leƙa bayanta inda wayar netwok ta shiga. Fitilar wurin tana ci? In ba ta ci, ɗauke 'yar goyon ka kai ta teburin da ke aiki, ka kawo ta can nan. Idan cutar ta bi akwatin, laifin nasa ne. Idan ta zauna a teburin, waya ce ko ramin suwic. Sau da yawa ɗan haƙorin robar da ke riƙe kan wayar ne ya karye, ko ɓera ya yi aikinsa a cikin silin. Ka tuna kuma wayar Ethernet ta tagulla ba ta wuce mita 100.

To, waya lafiya lau amma allo ya cije. Nan sai ka san irin 'yar goyon da ke gabanka. Akwai wadda ba ta da ko manhajar tashi, sai ta roƙo daga saba ta hanyar da ake kira PXE. Haka tsarin LTSP na Linux, wanda aka fara a 1999, yake tafiya. Tashinta hawa-hawa ne. Da farko ta nemi adireshi daga DHCP, mai raba adireshi, a ba ta tare da sunan fayil ɗin da za ta ɗauko, ta jawo shi ta TFTP, sannan ta buɗe. Tsofaffin na'urori kan faɗa maka hawan da suka tsaya, in dai ka karanta rubutun kafin ya ɓace. PXE-E61 na nufin ba ta ga waya ba. PXE-E51, ta nemi adireshi ba wanda ya amsa. PXE-E53, ta samu adireshi amma ba a faɗa mata sunan fayil ba. PXE-E32, ta san fayil ɗin amma TFTP ya yi gum. Duba ko yana aiki, ko an toshe masa ƙofa mai lamba 69. Ɗauki hoton allon da wayarka, ya fi dogaro da ido.

A nan rawutar malam ke shigowa. Kusan kowace ƙaramar rawuta tana raba adireshi da kanta. Da an jona ta, masu rabo sun zama biyu, kuma 'yar goyo na iya karɓar na wanda ya riga amsawa. Sai ka ga rabin ɗaki ya tashi, rabi ya ƙi, gobe kuma su yi musaya. Babu cutar da ta fi wannan sa mutum zargin aljanu. Duba adireshin wadda ta ƙi: in bai yi kama da na 'yan uwanta ba, bi wayoyi har ka kamo baƙon. In kuwa ya fara da 169.254, ita ta raɗa wa kanta don ba ta samu mai ba ta ba. Ƙanwar wannan cuta ita ce waya guda da aka soke kanta biyu a suwic ɗaya. Fitilu su riƙa ƙyaftawa tare kamar sun haukace, netwok ya toshe. Zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, wadda ka zare ɗaki ya numfasa ita ce.

Iri na biyu tana da 'yar manhajarta, tana tashi da kanta sannan ta nemi saba, galibi ta RDP na Windows a ƙofa mai lamba 3389. Idan ta tashi amma ta kasa shiga, gwada ping zuwa adireshin saba, sannan zuwa sunanta. Adireshi ya amsa suna ya ƙi? DNS ne, mai juya suna zuwa adireshi. Duka sun amsa amma ana korar kowa? Tambayi yaushe aka kafa sabar. Microsoft na ba da rangwamen kwana 120 kafin a saka lasisin masu shiga. Ɗakin da ya yi wata huɗu sumul sannan ya rufe rana ɗaya, kwanakin ne suka cika. Duba agogo ma: a netwok mai amfani da Kerberos, saɓanin da ya haura minti 5 ya isa a ƙi kalmar sirri sahihiya, kuma mai laifin kan zama ɗan batirin CR2032 da ya mutu.

Saura nawa, wato komai na aiki amma kamar hawainiya. Buɗe ma'aunin saba ka ga wa ke cinye RAM. Ɗalibi guda mai shafukan bidiyo goma zai iya jiƙa wa mutum talatin aiki. Duba wayar da ta haɗa saba da suwic, don gigabit na buƙatar silli takwas ɗin da ke cikinta duka, in guda ya tsinke gudu na iya faɗowa zuwa megabit 100 ba tare da sanarwa ba. Sa hannu kuma a bayan sabar. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, zafin bazara ya ƙarasa, injin ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone.

In duk ka bi waɗannan kuma cutar ta bi akwatin, gwada masa adaftar maƙwabcinsa mai ƙarfin wuta iri ɗaya, don ita ta fi saurin mutuwa. In ya ƙi, ɗauko na ajiya ka jona. Mai teburin ya shiga da sunansa, zai tarar da fayilolinsa inda ya bar su.